Me Ya Sa Kwamin Wankin Zinarena Ba Ya Riƙe Zinare?

Wani ɗan'uwa daga wajen Yauri, malamin makaranta, ya aiko da tambaya. Ya ce neman zinare ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai da yake fita yi a bakin rafi ranakun Asabar da Lahadi. Ya sa kafinta ya haɗa masa kwamin katako mai tsawon mita ɗaya da rabi da faɗin santimita 30, ya shimfiɗa kafet a ciki, ya gicciya sandunan katako kamar tsani, ya aro injin ban ruwa mai inci biyu a wurin ƙaninsa mai noman rani. Idan ya wanke yashin wurin da ƙwarya yana ganin ƙwayoyin zinare, amma da kwamin ya zuba bokiti 20 bai samu abin da ƙwarya ta ba shi a bokiti uku ba. In ya kwantar da kwamin, yashi ya cika shi ya daskare. In ya ɗaga kansa, komai ya wuce. Yana tambaya ko kafet ɗin ne ba shi da kyau, ko dai ya haƙura da katako ya sa a yi masa na ƙarfe.

Malam, kada ka kashe kuɗinka tukuna. Na ga kwamin katako da tsohon kafet yana kama zinare fiye da na ƙarfen da aka yi wa fenti, domin mai katakon ya san abin da ke fita ta ƙarshen kwaminsa. Kai a yanzu abin da ya rage a ciki kake dubawa. Abin da ya rage ba zai gaya maka komai ba sai ka san nawa ka zuba, nawa kuma ya tsere. Saboda haka aikin farko shi ne ka samu hanyar ƙirga asararka, kafin ka taɓa ƙusa ko ɗaya.

Duk dabarar kwami a kan nauyi ta tsaya. Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19.3, yashin rafi da farin dutse kuwa wajen sau 2.65. Baƙin yashin nan da ke kwanciya a gindin ƙwarya, wanda wani sashensa ke bin maganaɗisu, yana wajen sau 5. Ruwa yana kwashe mai sauƙi ya bar mai nauyi a bayan sanda ko cikin gashin kafet. Amma fa nauyi ba shi kaɗai ke aiki ba, siffa ma tana da nata. Ƙwayar zinare mai dunƙule tana nutsewa nan take, ita kuwa mai faɗi siririya kamar ɓawon gero ruwa yana ɗaukarta ya yi ta lilo da ita har ta fice. Zinaren rafi da ya yi doguwar tafiya yawanci irin wannan ne, duwatsu sun daddake shi ya zama fale-fale. Shi ne yake gudu maka, in na fahimci bayaninka daidai.

Masu wannan sha'awar a Amurka da Ostareliya suna gwada kwaminsu da ƙananan ƙwayoyin dalma da suka shafa wa fenti, su ƙirga su cakuɗa da yashi, su ga nawa kwamin ya kama. A yankin Yukon na Kanada, wajen 1989 zuwa 1990, wani injiniya mai suna Randy Clarkson ya kai abin mataki na gaba: ya sa wa ƙwayoyin zinare na gaske alamar da na'ura ke iya ganowa, ya zuba su a manyan kwamin masu haƙa, ya bi sawunsu. Abin da ya fito fili shi ne waɗanda ke tace tsakuwa kafin ta shiga kwami sun fi kama zinare nesa ba kusa ba, kuma da yawa cikin masu asarar ba su san suna yi ba.

Ni ban ba ka shawarar dalma ba, zan faɗi dalili a gaba. Nemi guntun wayar lantarki, ka fere robar. Jan ƙarfen da ke ciki nauyinsa sau 8.9 na ruwa ne, bai kai rabin zinare ba, don haka kwamin da ya riƙe shi zai riƙe zinaren da ya kai girmansa da siffarsa. Daga waya mai kauri ka yanka guntaye 20 kamar ƙwayar gero. Ka yanka wasu 20 ka bubbuga su da guduma a kan ƙarfe su zama fale-fale. Daga waya mai laushi, wadda ke da siraran zaruruwa a ciki, ka yanka wasu 20 gajeru ƙwarai. In kana da magagari ka goga ɗan gari ka ƙara. Garin ba ya ƙirguwa, amma launinsa yana nuna maka inda ya kwanta. Ka cakuɗa su duka cikin bokiti biyu na yashin rafin da kake aiki, da baƙin yashinsa da komai, domin gwaji da tsabtataccen yashin gini yaudara ce, kowane kwami yana cin wannan jarrabawa.

Sai ka yanka kafet ɗinka gida uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, ka jera su kowane yana ɗan hawa kan na gabansa yadda ake jera kwanon rufi. Ka ajiye babban daro a ƙarshen kwamin ya tare duk abin da ya fito. Bayan ka gama zuba bokiti biyun, ka wanke kowane yanki a ƙwaryarsa daban, ka wanke abin da ke cikin daron shi ma, ka rubuta lissafin a littafi. Kwamin da ya daidaita yana tara mafi yawan ƙwayoyin a yankin sama, kaɗan a tsakiya, na ƙasa kuma kusan wayam. Idan ka ga yankin ƙasa ya tara kusan abin da na sama ya tara, ko da daron bai nuna komai ba, to ka sani da ka ƙara bokiti goma da sun fice.

Na koyi wannan ne da tsada. Akwai lokacin da na yi kwana shida a wani rafi da kwamin da nake alfahari da shi, kullum da yamma in ga ɗan abin da ba ya faranta rai, in ce wurin ne ba shi da arziki. Ran na bakwai, da haushi, na ɗebi ƙwarya ɗaya daga tulin yashin da ke bayan kwamin na wanke. Sai ga ƙwayoyi sun jeru a gefen baƙin yashi, sun fi na cikin kwamin. Da na cire tsanin na ɗaga shi ga rana, sai na ga sanduna uku sun lanƙwashe saboda jiƙa da bushewa, akwai rata a ƙarƙashinsu da kan wuƙa ke shiga. Ruwa yana bi ta nan da ƙarfi kamar bakin tiyo yana share kafet ɗin tas. Kwana biyu na ƙara ina sake wanke ƙasar da na riga na wanke. Tun daga ranar ban sake fara aiki ba sai na sa yatsa na bi kowace sanda. Ka duba naka, musamman da yake katako ne. Sanduna su danne kafet sosai daga bango zuwa bango, ka sa katako biyu a gefe da za ka matse su da ƙusa mai zare ko ka cusa musu tsinke mai kauri.

Yanzu maganar gangare. Ka fara da saukar santimita 8 a kowace mita, wato a naka kwamin kai ya fi ƙarshe tudu da santimita 12. Kada ka auna da ido. Tiyon ruwan nan da magina ke daidaita gini da shi ya isa, tare da rula. Da shi kuma za ka duba hagu da dama, domin kwamin da ya karkata gefe ko da kaɗan ne, ruwa zai taru a ɓangare ɗaya ya share shi, ɗaya ɓangaren kuma yashi ya binne shi, ka zama kana aiki da rabin kwami. Daga santimita 12 za ka riƙa ƙarawa da biyu-biyu, kana maimaita gwajin jan ƙarfen a kowane mataki. Da wuya ka buƙaci wuce 20 a wannan tsawon idan ka tace tsakuwarka. Kuma abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda. In ka ƙara gangare ka kuma rage ruwa ka kuma sauya kafet, ko sakamakon ya gyaru ba ka san wanne ya gyara shi ba.

Ruwa kuwa, ina zargin nan ne babbar matsalarka. Injin inci biyu yana iya turo lita 500 ko fiye a minti ɗaya idan ba a ɗaga ruwan sama sosai ba. Kwami mai faɗin santimita 30 abin da yake so don farawa bai wuce lita 2 zuwa 3 a daƙiƙa ba, wato wajen lita 120 zuwa 180 a minti. Ka ga injin yana iya ba ka ninki uku na bukatarka. Shi ya sa kake tsakanin wuta biyu: ka kwantar da kwamin don ka rage gudun ruwa, yashi ya cika shi, ka ɗaga shi, ambaliya ta kwashe komai. Awon ba shi da wuya. Ka tara bokitin fenti mai lita 20 a bakin tiyon, ka duba agogon wayarka. Ya kamata ya cika cikin daƙiƙa 7 zuwa 10. In ya cika cikin uku, ka sa mai aikin famfo ya yi maka mahaɗa mai baki biyu da makunni, rarar ruwan ta koma rafi. Rage wutar injin kaɗai ba ya wadatarwa, domin in ya yi ƙasa da yawa sai ya riƙa tari, ruwan ya zo ya ɗauke, kuma kowane tari yana girgiza abin da ya riga ya kwanta.

Kada kuma bakin tiyo ya riƙa dukan kafet kai tsaye. Ka bar santimita 25 zuwa 30 na farko sumul, ba kafet ba sanda, ruwan ya fara bugun bangon baya ya baje ya cika faɗin kwamin. A wannan sumul ɗin ne ƙasa ke rarrabuwa, mai nauyi ya sauka ƙasa, mai sauƙi ya hau sama, kafin su iso sanda ta farko.

Da zarar ruwa ya daidaita, tsuguna ka kalli bayan sanda ɗaya da kyau. Abin da kake nema shi ne ɗan ruwa mai juyawa a bayanta, baƙin yashi yana rawa a ciki kamar gero a tafasasshen ruwa, farin yashi yana shiga yana fita. Sa yatsa a hankali. In ya nutse cikin laushi har ya taɓa kafet, wurin yana aiki. In ka ji tauri kamar daɓe, sandar ta mutu, zinare zai bi ta kanta ya wuce kamar ba ta nan. In kuma ka ga kafet tsirara, ba ko baƙin yashi a bayan sandar, ruwa ya yi yawa ko gangaren ya yi tsanani. Farin kumfa da tsallen ruwa a kan sanduna shi ma alamar ɓarna ce. Jefa tsakuwa mai girman ƙwayar gyaɗa a sama, ta mirgina ta fita cikin ƴan daƙiƙu ba tare da ta maƙale ba kuma ba ta yi tsalle kamar an harba ta ba.

Ba ka ambaci rariya ba a tambayarka, kuma ina jin babu ita. Idan kana zuba ƙasa da duwatsu masu girman ƙwai, dole ka buɗe ruwa mai ƙarfin da zai tura su, kuma ruwan da ya tura dutse kamar ƙwai ba zai bar ɓawon zinare ya zauna ba. Ka sa a buga maka raga mai ido milimita 6 a kan firam na katako, ka tace ƙasar a jiƙe a cikin daro, ka wanke duwatsun da suka rage ka watsa musu ido kafin ka zubar, ko Allah zai sa a dace da babba. Wannan rariyar ita kaɗai tana iya gyara maka rabin matsalar.

Bayan ka tace, za ka ga dogayen sandunan nan ba su da sauran amfani sosai. Sanda mai tsayin santimita biyu da rabi don manyan ƙwayoyi da ruwa mai yawa aka yi ta. Ga zinare mai laushi, abin da ya fi shi ne ragar ƙarfen nan mai ido kamar ƙwayar dabino da masu walda ke sa wa ƙofa da taga, a shimfiɗa ta a kan kafet a danne. Tana da gaba da baya: leɓen da ya ɗago ya kalli inda ruwa ke tafiya, yadda ƙaramin rami zai samu a bayansa. Wani mai walda ya taɓa haɗa mini ita a juye, na yi rabin yini ina zargin injin. Shafa hannunka daga sama zuwa ƙasa, ya wuce ba tare da ya kama ba, daga ƙasa zuwa sama kuma ya tirje. In kana son ka bar sanduna, bar biyu ko uku a sama, ratar da ke tsakaninsu ta kai ninki biyu na tsayinsu, sauran tsawon ka ba raga. Kafet mai gajeren gashi a tsaye ko mai layi-layi ya fi mai dogon gashin da ke kwanciya in ya jiƙe. Ka jiƙa shi sosai ka tattaka kafin ka fara, iskar da ke ciki ta fita.

Hannun mai zubawa shi ma saiti ne. Ruwa ya kamata ya ninka ƙasa sau bakwai zuwa goma, don haka a ruwan da na faɗa maka bokiti mai lita 20 ya ɗauke ka wajen minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Da ƙaramin kwano za ka riƙa zubawa, kana bazawa a faɗin kwamin, kana barin sanda ta farko ta bayyana kafin ka ƙara. Wanda ya kifar da shebur guda a lokaci ɗaya ya binne sandunan na ƴan daƙiƙu, kuma duk zinaren da ke cikin wannan shebur ɗin a kan yashi zai hau ya wuce.

Idan ƙasar tana da yumɓu, jiƙa ta a daro ka murje da hannu har ta zama kunu kafin ta ga kwami. Dunƙulen yumɓu yana mirginawa ya manne zinaren da ka riga ka kama ya tafi da shi. In kana maimaita ruwa ɗaya saboda rani, haƙa ramuka biyu ko uku a jere, laka ta kwanta a na farko, injin ya ja daga na ƙarshe, domin ruwa mai kauri yana hana ƙananan ƙwayoyi nutsewa. Ka kiyayi mai. Ɗigon baƙin mai daga inji ko man shafawa a hannu yana sa garin zinare ya yi iyo a saman ruwa. Ɗan ƙwayar garin sabulu a ƙwaryar wankin ƙarshe yana maganin wannan, a ƙwarya kawai, ba a rafi ba.

Lokacin ɗaga kafet, ka daina zuba ƙasa, ka bar ruwa zalla ya gudu minti ɗaya, ka rage shi a hankali. In ka bar ruwa zalla yana gudu kana can kana cin abinci, yana cinye abin da ke bayan sanduna sannu a hankali. Yawan ɗagawa kuma baƙin yashin wurin ne zai yanke maka. In yatsanka ya fara jin tauri bayan bokiti goma, to bokiti goma ne iyakarka a wannan rafin. Ka kuma sani akwai zinaren da kwami ba ya iya riƙewa da kyau duk yadda ka saita shi, wanda ya gaza kashi ɗaya cikin goma na milimita, mai laushin garin fulawa. Wani sashensa zai tafi, kada ka tayar da hankalinka a kansa. Kafin ka yi murna da abin da ka gani a ƙwarya ma, kai shi inuwa. Zinare yana nan da launinsa a inuwa, kuma in ka danna shi da allura yana lotsawa. Mai ƙyalƙyalin nan da ke yaudarar sababbi yana dushewa in ba rana, yana farfashewa a ƙarƙashin allura, kuma yana tashi da ɗan motsin ruwa.

Dalilin da ya sa na hana ka dalma, kai ma ka san labarin Zamfara. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma, daga baya da Bagega. Dutsen zinaren da ake kawowa gida ana niƙawa a bushe yana ɗauke da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida da abinci, yara sama da 400 suka rasu, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja. Kai yashin rafi kake wankewa a jiƙe, haɗarinka bai kai na masu niƙa dutse ba, amma dokar ɗaya ce: ƙasar wurin aiki, da kafet, da kayan da ka sa, kada su shiga inda yara ke rarrafe. Gwajin ma a bakin rafin za ka yi shi, ka tsince jan ƙarfenka ka koma da shi. In wani ya ce ka zuba zaiba, wadda masu haƙa ke kira makuri, a cikin kwami don ta kama garin da ke tserewa, kada ka yarda. Ruwa yana farfasa ta ya kai ta rafin da mutane ke sha suke kamun kifi, hayaƙinta kuma in an ƙona yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Ta fuskar hukuma, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin da ke ƙasar Najeriya yana hannun gwamnatin tarayya, kuma ba ta ware mai sha'awa daban ba yadda wasu ƙasashe ke ba da takardar ƴan yawon neman zinare. Lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya yake fitowa, kuma yana iya yiwuwa wurin da kake zuwa yana cikin filin da aka riga aka ba wani. Da ƙwarya a hannu ba kowa zai kula ka ba, amma ranar da aka ji ƙarar inji a bakin rafi magana ta sauya. Ka bincika, ka kuma gaida dagaci da mai gonar da ke bakin ruwan kafin ka kafa komai.

Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, kada ka je da niyyar samun zinare. Tafi da rariya, da rula, da tiyon magina, da guntayen jan ƙarfenka 60 a cikin kwalbar magani, da littafi. Saita ruwan bokiti ya cika cikin daƙiƙa 8, ka yi gwaji a gangaren santimita 12, da 14, da 16, ba tare da ka taɓa wani abu ba. Ka rubuto mini nawa ka samu a sama, nawa a tsakiya, nawa a ƙasa, nawa a daro, kuma ka raba lissafin masu dunƙule da fale-fale da siraran. Fale-falen nan su zan fara dubawa.